Dal-su Mai Awara da Akushin Farare

Duk wanda ya taɓa sayen awara a kasuwar kifi ta Gunsan ya san Maeng Dal-su, ko da bai san sunansa ba. Gajere ne mai ƙaton kai, hannuwansa kullum a jiƙe, yana yanka maka awara amma idonsa na can sama da kanka. Abin da yake kallo tagar shagona ce. Ni nake riƙe da ɗakin baduk da ke saman benen, wato wasan da mutum biyu ke yi a kan allo da baƙaƙe da fararen duwatsu, mai alluna takwas da murhu ɗaya da butar shayin sha'ir. Sunana Yeo Man-bok. Tsofaffin da ke wuni a wurina Maigida suke ce mini in suna son shayi, in kuwa na hana su ihu sai in koma "wannan jarababben".

A gaban tukunya Dal-su ba shi da na biyu. Da ido kawai yake gane lokacin da zai zuba ruwan gishiri madarar waken ta kama. Amma da zarar ya bar gaban tukunyar nan, ban taɓa ganin ya yi abu biyu a jeren da ya kamata ba. Ba wai bai san daidai ba, ya sani sarai, sai dai kullum na biyu yake fara yi. Ya kama zauren biki tun bai yi wa yarinya magana ba. Da matarsa ta samu ciki, ya sa aka rubuta masa "Maeng da Ɗansa" a goshin shago, aka haifi mace, Mi-ja. Aka sake, mace. Rubutun yana nan har yau, ya ce fentin mai kyau ne.

Yadda ya auri Pyo Geum-rye ma haka ne. Ubanta ya rasu, don haka wurin yayanta Chun-sik, makanikin jirgin fito, ya je neman aure, da kwalbar giyar shinkafa da busasshen kifi a hammata. Ya tarar da Chun-sik zaune gaban allo shi kaɗai. Ko gaisuwa ba su ƙare ba Chun-sik ya turo masa akushin baƙaƙen duwatsu da ƙafa. Baƙi na ƙarami ne a wasa, shi ke farawa. Fari na gwani ne. Dal-su ya karɓa don ladabi, aka lallasa shi, sannan suka shiga bita. A wurinmu ba a tashi daga wasa sai an kwashe duwatsu an sake jera su tun daga farko, an nemo inda wanda ya faɗi ya fara ɓata. Suna ta bita har shinkafa ta huce. Daga ƙarshe Geum-rye ce ta turo ƙofa ta ce, "Yaya, mutumin nan fa aurena ya zo nema. In kun gama ka ce masa eh."

Tun daga ranar bai sake rabuwa da baƙin akushi ba. Dokarsu ita ce ta kowa: in ka ci mutum sau uku a jere, ka hau mataki ɗaya. Dal-su ya fara da rangwame mai yawa, ana ba shi duwatsu ya jera kafin a fara, ya riƙa hawa a hankali kamar mai ciwon gwiwa, har gashinsu ya yi fari su duka biyu, ya zo mataki na ƙarshe. Saura ci uku a jere a musanya akushi. A nan ya maƙale shekara da shekaru. Ya ci biyu ba adadi, na uku kuwa sai ya ga dutsen kisa, ya sa na biyu kafin na farko. A bita kuma babu wanda ya fi shi baki.

"Ai na gani! Nan ne, na gan shi tun ɗazu!"

"Ka gan shi, sannu," in ji Chun-sik yana rufe akushinsa. "Gaishe shi za ka yi ko sa shi?"

Burin Dal-su a duniya bai wuce wannan ba: ya zauna gaban surukinsa da farin akushi ko sau ɗaya. Ya sha gaya mini, in ya sha ya ɗan yi nauyi, cewa in ya mutu da baƙi a hannu kada a yi masa kuka, dariya ta fi dacewa.

A kakar da nake ba da labari, Chun-sik ya zame a matakalar gidansa ya fasa goshi. Matarsa ta daɗe da rasuwa, shi kaɗai yake kwana. 'Yarsa Hye-ran, wadda ke aiki a Seoul, ta ce ta gaji da zaman zullumi, ta gyara masa ɗaki, ƙarshen mako za ta zo ta ɗauke shi. A wannan makon ne, ko don goshin ko don ɓacin rai, Chun-sik ya faɗi wasa biyu a jere.

Wasa na uku, shi da Dal-su suka zauna a allon da ke kusa da murhu. Ku riƙe wannan, don a nan tawa masifar take. Shi ne allona mafi kyau, katako mai kauri wanda in ka ɗora dutse yake amsawa da ƙara mai daɗi, kuma da sanyi ya shigo kowane tsoho wurin yake so. Wasa ya yi nisa, sai ga rukunin fararen Chun-sik a kusurwar ƙasa ta dama an kewaye shi ruf. Rukuni ba ya rayuwa sai da ido biyu, wato gurbi biyu daban a cikinsa, shi kuwa wannan yana da ɗan fili a ciki amma bai raba shi ba tukuna. In ya mutu, wasa ya ƙare. Kuma Dal-su ne da sawa.

Kowa ya matso. Dal-su ya tsoma hannu a akushi. Sai ga Geum-rye ta hawo bene da ludayi a hannu.

"Kai, Uban Mi-ja! Waken da ka jiƙa tun asuba ya fara tsiro. In ka ga dama ka zauna, gobe sai mu sayar da ganye."

Ya tashi. Na kifa babban murfin kwando a kan allon, na ɗora littafin waya a sama don kada wani ya ce hannun rigarsa ne ya taɓa. Da yamma Chun-sik ya kira 'yarsa a wayar bangon shagona, da ƙarfi yadda kowa zai ji.

"Ba zan zo wannan makon ba. Ina da wasa a buɗe. Wanda ya yi tafiya ya bar wasa ai ya miƙa wuya ke nan, kina so in miƙa wa mai awara wuya? Da ya sa dutsensa na gama da shi zan taho."

Washegari Dal-su ya zo, na ɗaga murfi, ya zauna, ya naɗe hannu. Ya yi tunani har aka kunna fitilu, ya ce sai gobe. A shagona babu agogon wasa. Ban taɓa ganin amfaninsa ba sai a lokacin. Gobe ta zo, ya ce kansa na ciwo. Jibi ya ce hasken tagar yana kashe masa ido. Da makon haɗa kimchi ya zo, kabejin nan mai yaji da muke tanada don hunturu, ya ce hannunsa duk barkono, ba zai ɓata mini duwatsu ba. Ganyen bishiyoyi ya zube, dusar ƙanƙara ta fara sauka, mutum biyu suna zaune a wuri mafi ɗumi a Gunsan suna kallon kusurwa ɗaya, sauran tsofaffi suna can bakin ƙofa suna hura hannu suna zagina.

Su ma ba zaman banza suka yi ba. Kowane allo a ɗakin aka jera masa kusurwar nan. Ok, mai kantin magani, wanda ya fi kowa iya wasa kuma ya fi kowa kasa riƙe baki, shi ya jagoranci binciken. Da farko kowa cibiya ya nufa, gurbin tsakiya inda idanun biyu za su rabu, don ko makaho ya ga nan ne maƙogwaro. Sai Ok ya nuna cewa in baƙi ya fara da cibiya, fari zai zame ta gefen allo ya ƙara fili, ya yi ido a can, ya dawo ya cinye dutsen cibiyar ya yi na biyu. Aka gwada matsawa ta gefe tukuna: fari dole ya tare, filinsa ya ragu, sannan a soka cibiya. Ya yi kyau, amma aka gano fari yana da sauran numfashi a can ƙuryar. Kwana da kwanaki ana musu, har wani ya jefi wani da murfin akushi, kafin a gane akwai dutse na uku da za a jefa cikin ƙuryar a bari a cinye shi, idon ya zama na bogi. Gefe, cibiya, sadaukarwa. Duwatsu uku ne, kowanne daidai, amma in ka sauya jerinsu ko yaya, fari ya rayu. Da aka gane haka sai kowa ya juya ya kalli Dal-su da tausayi, don in akwai matsalar da aka halitta musamman don ta kashe shi, to ita ce wannan.

Dokar shagona ita ce, wanda ya sa baki a wasan da ba nasa ba, shi zai saya wa ɗaki duka baƙar taliya. Ok ya yi ƙoƙari. Ya fara da tari. Ya koma shafa gefen teburi da yatsa yana cewa, "Kai, gefen nan ya yi ƙura, gefe fa, gefe." Na yanke masa taliya. Bayan kwana biyu ya tsaya a bayan Dal-su yana ba wani labarin yadda ake kama kaguwa, wai ba a fara kai hannu tsakiya. Na sake yanke masa. A wannan hunturun duk muka yi ƙiba, mai taliya ya riƙa gaishe da Ok har ƙasa.

Chun-sik kuwa kullum cikin faɗa yake. "Ka sa mana, kunkuru! Jirgi nake gyarawa in sake shi ya je tsibiri ya dawo kafin ka ɗaga hannu!" Amma na lura da wani abu. Duk sanda hannun Dal-su ya doshi akushi, ko da ƙaiƙayi ne zai sosa, sai Chun-sik ya ce, "Maigida, shayin nan ya huce," ko ya tashi zagayawa.

Wata safiya na sauka sayen awara, na zagaya ta bayan shagon Dal-su don ƙofar gaba ta cika. Na same shi tsugune gaban ƙyallen tace awara mai layi-layi, ya jera kusurwar nan da baƙin wake da farin wake. Ina tsaye ya sa gefe, ya amsa wa fari, ya sa cibiya, ya amsa, ya jefa na ƙurya. Ko numfashi bai ja ba. Ya kwashe ya sake, daidai. Raina ya ɓaci ƙwarai.

"Dal-su! Ashe ka sani!"

Ya zabura har wake ya watse. "Tun daren farko," ya ce.

"Tun daren farko! Mutane na can suna daskarewa a bakin ƙofa, Ok ya kusa sayar da kantinsa, kai kana nan kana wasa da wake? Ba farin akushin kake nema ba tun gashinka na baƙi?"

"Ina nema mana." Ya shiga tsince waken ɗaya-ɗaya, bai kalle ni ba. "Amma Maigida, in na sa, Yaya zai tafi."

Na karɓi awarata na hau bene. Ban gaya wa kowa ba, sai dai na matsar da murhun ɗan tsakiya, na ce bututun ne yake yoyo.

Hye-ran ta zo ana saura 'yan kwanaki sabuwar shekara. Ta hawo da dogon kwat da makullin mota a hannu, ta gaida kowa da ladabi, ta tsaya kan allon. Sai a lokacin na ga sabon bandeji a gwiwar hannun Chun-sik, wanda ya ɓoye cikin riga. Ashe ya sake faɗuwa, a banɗaki, ya kwana a ƙasa kafin ya iya tashi. Geum-rye ce ta tsegunta mata.

"Wannan ne wasan?" ta ce. Ta ciro wayarta ta ɗauki hoton allon, ta ɗan latsa. "Kawu, na'ura ta ce ka sa nan, sannan nan, sannan nan. Ta ce fararen Baba sun mutu."

Ɗaki ya ɗauki salati irin namu, kowa da abin da ya fito bakinsa. Ok ya miƙe tsaye yana nuna ta, murna kamar ta kashe shi. "Taliya! Maigida, ka ji da kunnenka! Taliya!"

"Zan saya," in ji Hye-ran. "Zan saya wa kasuwar nan duka." Ta juya wajen ubanta. "Baba, kullum in waya ta yi ƙara da dare sai gabana ya faɗi. Na gaji. Don girman Mama ka taho."

Ba wanda ya sake dariya. Chun-sik ya daɗe yana kallon bandejinsa. Sannan ya ce, a hankali, ba irin muryar da muka saba ba, "Dal-su. Sa dutsen."

Dal-su ya ɗauki dutse tsakanin yatsu biyu. Na ga hannunsa ya wuce gefe ya nufi cibiya. Na gane nan take: so yake ya ɓata da gangan, fari ya rayu, lissafin ci uku ya koma farko, ko Chun-sik zai samu wani dalilin zama. Kuma wa zai zarge shi? Kuskuren da aka san shi da shi ne. Dutse in ya bar yatsa ba a ɗauke shi, kuma saura ƙiris ya taɓa katako Chun-sik ya cafke masa wuyan hannu.

"Kada ka raina ni," ya ce. "Tun ranar da ka zo neman ƙanwata kake yi mini kuskure na gaskiya, ina jin daɗinsu. Yau kada ka yi mini na ƙarya."

Dal-su ya ja majina. Ya mayar da hannu ya sa gefe. Chun-sik ya tare. Dal-su ya sa cibiya. Chun-sik ya gwada ƙurya. Dal-su ya jefa na uku. Chun-sik ya kalli allon, ya ɗauki ɗaya daga cikin baƙaƙen da ya cinye ya ajiye a kai, alamar ya miƙa wuya.

Hye-ran ta kaɗa makulli. "To, Baba, mu je a haɗa kaya."

"Bita fa?" in ji Chun-sik, kamar ta ce ya fita ba wando. Ya share allon da hannu biyu, ya fara jerawa daga dutsen farko.

Taliya ta zo, aka ci, ana bita. Wasan da aka fara tun ganye na kan bishiya, amma ba dutse ɗaya da ya ɓace musu. Ok ya ce kuskuren yana wurin da fari ya bari aka kewaye shi. Chun-sik ya ce a'a, ya koma baya sosai, ya ɗora yatsa a wani wuri. A nan, ya ce, dutse ɗaya tak kusurwar take buƙata ta zauna lafiya har abada. Ya gani, ya sani, amma ya hango ganima a tsakiyar allo ya bi ta.

"Na ce zan dawo mata daga baya," ya ce. "Ina ganin ai tana nan, ina za ta?"

Sannan ya ɗauki farin akushi da hannu biyu, yadda ake miƙa wa babba abu, ya ajiye gaban Dal-su. "Ka riƙa wanke hannu kafin ka taɓa su. Ba wake ba ne."

Da safe motar ta tafi. Dal-su bai fito ba, ya ce madara na kan wuta.

Daga nan sai abin ya zama abin tausayi da ban dariya a haɗe. Duk ɗakin nan babu wanda Dal-su ya fi, da kowa baƙi yake riƙewa. Mutum ɗaya ne a duniya yake da ikon riƙe fari a gabansa, shi kuma yana hawa na goma sha wani abu a Seoul. Kullum da rana sai ya hawo, ya wanke hannu da sabulu, ya zauna a allon murhu, ya ajiye farin akushi a damansa, baƙi a ɗaya gefen. Fari ba ya fara wasa. Sai ya zauna. Ok ya ce zai karɓi baƙi don a yi nishaɗi, Dal-su ya ce ba sadaka ya zo nema ba. Na yi niyyar korarsa daga wurin ya fi a ƙirga, in na zo sai in tarar ina zuba masa shayi.

Ran nan da rana wayar bango ta yi ƙara. Na ɗauka.

"Kai jarababbe, mai awara yana nan?" Muryar Chun-sik ce. "Garin nan ba mutane, kowa da na'ura yake wasa. Ka sa mini baƙi a tauraro, ɗigon nan na kusurwar sama ta dama. Ka sa da ƙarfi, yadda nake sawa."

Na ja igiyar wayar iya tsawonta, na ɗauki baƙin dutse na buga shi a allon har akushi ya motsa. Dal-su ya kalli dutsen. Ya buɗe farin akushi, dutsen farko ya suɓuce ya gangara ƙarƙashin murhu. Ya ɗauki wani ya sa nan take, mutumin da ya cinye mana hunturu guda a kan dutse ɗaya.

"Gaya wa Yaya na sa," ya ce, yana goge ido da bayan hannu. "Kusurwar ƙasa ta hagu. Saura shi."

Na faɗa.

"Da wuri haka?" in ji Chun-sik. "To, wannan sai na yi tunani. Ka rufe allon. Zan kira gobe."

Ya kira gobe, ya sa ɗaya. Jibi ma haka. Na ɗauko murfin kwandon nan na wanke shi, na buga masa ƙusa a bango kusa da murhu, don na ga ba ranar da za a daina buƙatarsa nan kusa.